Mazauna Bayan Gari Suna Sauya Jam'iyya, Amma Ba Sa Buɗe Ƙofa

Duk sa'ad da babban zaɓe ya gabato a Amurka ko Birtaniya ko Kanada, masu sharhi kan siyasa sukan kau da kai daga tsakiyar manyan birane, su kau da kai daga karkara, su zuba wa unguwannin bayan gari ido. Dalilinsu a fili yake. An riga an san inda birni zai faɗa, an san inda ƙauye zai faɗa, saura wannan yanki da ke tsakaninsu, na gidaje masu farfajiya da wurin ajiye mota, inda mutum yake kwana amma ba a nan yake neman abincinsa ba. Daga nan aka ƙera labarin da ake maimaitawa kowane zagaye, cewa mazaunin bayan gari mutum ne mai sassaucin ra'ayi, wanda jam'iyya ba ta ɗaure shi ba, sai ya auna 'yan takara da kyau kafin ya zaɓa. Rabin wannan labari kawai na yarda da shi. Gaskiya ne yana sauya jam'iyya, har ma ya fi sauran jama'a saurin sauyawa. Amma akwai abubuwa uku da ba ya sassautawa a kansu, wato darajar gidansa da makarantar 'ya'yansa da motarsa, kuma duk mai son fahimtar ƙuri'arsa gara ya bar kallon taswirar zaɓen shugaban ƙasa, ya dubi abin da yake yi ranar da aka taɓa ɗaya daga cikin ukun nan.

A Amurka aka fi ganin wannan al'amari ƙarara, domin a can ba kasuwa kaɗai ce ta haifi unguwannin bayan gari ba, gwamnati ce ta yi musu ungozoma. Hukumar lamunin gidaje da aka kafa a 1934 da dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 sun sa ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya karɓar bashin gida na shekaru masu yawa, sannan dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta shimfiɗa masa titin da zai kai shi wurin aiki a birni ya dawo da shi da yamma. Levittown da ke Long Island kusa da birnin New York, inda aka gina gidaje fiye da 17,000 tsakanin 1947 da 1951, ita ce abin koyi ga sauran. Takardun gidajenta na farko sun haramta wa duk wanda ba farar fata ba zama a ciki, kuma ko bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1948 cewa kotuna ba za su ƙara tilasta irin wannan sharaɗi ba, al'adar ba ta mutu nan take ba. Sai a 1968 aka yi dokar da ta haramta wariya a harkar sayarwa da hayar gidaje. Zuwa ƙidayar 1970, mazauna bayan gari sun riga sun fi mazauna cikin manyan birane yawa. Saboda haka tun daga tushe, unguwar bayan gari wuri ce da aka gina a kan zaɓen wanda zai shigo da wanda za a bari a waje, kuma ba na jin za a iya fahimtar siyasarta ta yau ba tare da wannan tarihi ba.

Masanin tattalin arziki William Fischel na Kwalejin Dartmouth ya yi bayanin tushen lamarin a littafin da ya fitar a 2001, kuma hujjarsa mai sauƙi ce. Ga mafi yawan iyalai masu matsakaicin hali, gida shi ne mafi girman abin da suka mallaka, ba ya rabuwa kashi-kashi yadda mai hannun jari yake rarraba kuɗinsa a kamfanoni, kuma babu kamfanin inshora da zai biya mutum idan darajar unguwarsa ta faɗi. Abin da ya rage masa na kare dukiyarsa shi ne ƙuri'arsa da muryarsa a majalisar gari. A ƙara da cewa a Amurka kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidaje na yankin yake fitowa, kuma adireshin yaro ne yake nuna makarantar da zai shiga. Makaranta mai kyau tana ɗaga farashin gida, gida mai tsada yana kawo harajin da ke gyara makaranta, haka abin yake ta juyawa. Wanda ya sayi gida a irin wannan wuri ya sayi kujerar aji ne tare da shi, kuma ba zai yi sake da ita ba.

Hukunce-hukunce biyu na shekarun 1970 sun ƙarfafa wannan katanga. A 1974, a shari'ar makarantun Detroit, Kotun Ƙoli da rinjayen alƙalai 5 a kan 4 ta ce ba za a tilasta wa makarantun bayan gari shiga shirin cakuɗa ɗalibai farare da baƙaƙe ba matuƙar ba a tabbatar da cewa su ma sun aikata wariya ba. Ma'anar hukuncin ga iyaye ita ce, duk wanda ya tsallake iyakar birni ya tsira daga shirin. A 1978 kuma masu zaɓe a Kalifoniya, da kusan kashi biyu cikin uku na ƙuri'u, suka amince da ƙudurin nan mai lamba 13, wanda ya ƙayyade harajin gida a kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ya hana a ɗaga ƙimar fiye da kashi 2 a shekara har sai an sayar da gidan. Sakamakonsa har yau ana ganinsa: maƙwabta biyu a gidaje iri ɗaya, wanda ya daɗe yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sabon zuwa kuwa yana biyan ninkin-ba-ninkin. Kalifoniya ta daɗe da komawa hannun jam'iyyar Democrat, amma ba wanda ya iya taɓa wannan gata na masu gidajen zama.

Yanzu a zo kan sauyin da ake ta yayatawa, domin sauyi ne na haƙiƙa. Gundumar Orange a Kalifoniya, mahaifar Richard Nixon, ba ta ƙara zaɓar ɗan Democrat a takarar shugaban ƙasa ba tun daga Franklin Roosevelt a 1936 sai da Hillary Clinton ta lashe ta a 2016, kuma a 2018 'yan Democrat suka kwashe dukkan kujerun majalisar wakilai bakwai da suka shafi gundumar. A jihar Jojiya, gundumomin Cobb da Gwinnett da ke kewaye da Atlanta, waɗanda ba su zaɓi ɗan Democrat ba tun zamanin Jimmy Carter a 1976, su ma sun juya a 2016, kuma da ƙarfinsu Joe Biden ya ci jihar a 2020 da ratar ƙuri'u 11,779 kacal. Cobb ɗin nan fa ita ce sansanin Newt Gingrich, jagoran 'yan Republican a majalisar wakilai, a shekarun 1990. Abubuwa biyu ne suka kawo wannan juyi. Na farko, mutanen da ke cikin gidajen sun canza: baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da na Asiya sun shigo da yawa, har Gwinnett ta zama wurin da babu jinsin da ke da rinjaye shi kaɗai. Na biyu, ilimin jami'a ya zama layin da ke raba masu zaɓe fiye da yadda kuɗin shiga yake rabawa, kuma masu digiri, musamman mata, sun yi nesa da jam'iyyar Republican a zamanin Donald Trump. Wannan layin ne ya sa gundumomi biyu maƙwabtan juna a arewacin Detroit suka raba hanya: Oakland mai yawan masu digiri ta zauna daram a hannun Democrat, Macomb ta ma'aikatan masana'antun mota kuwa, wadda ta zaɓi Kennedy a 1960 ta koma wa Reagan a 1984, ta ba Obama sau biyu sannan ta ba Trump sau uku.

To amma ba a nan gizo yake saƙar ba. A watan Nuwamban 2024, masu zaɓen Cobb da Gwinnett sun ba Kamala Harris rinjaye, kuma a kan takardar ƙuri'a guda, a rana guda, suka yi watsi da ƙarin harajin kashi 1 cikin 100 a kan saye-saye da aka nemi a yi amfani da shi wajen faɗaɗa sufurin jama'a. Ba wannan ne karo na farko ba. Cobb ta ƙi shiga hukumar jiragen ƙasa da motocin bas ta Atlanta tun 1965, Gwinnett kuma ta ƙi a 1971 da 1990 da 2019. Jam'iyyar da gundumomin nan suke zaɓa ta sauya, fuskokin mazaunansu sun sauya, amma amsar da suke bayarwa idan aka tambaye su ko za a haɗa su da birni da hanyar da marar mota zai iya bi, ita ce dai amsar da kakannin wurin suka bayar shekaru sittin da suka wuce.

Haka abin yake a kan gidaje, kuma a nan ne ya fi zafi. A farkon 2023 gwamnar New York, Kathy Hochul, ta gabatar da shirin gina gidaje 800,000 cikin shekaru goma, wanda zai ba jiha ikon tsallake majalisun garuruwan da suka ƙi cika kasonsu. Kafin ƙarshen watan Afrilu shirin ya mutu, kuma ba 'yan adawa kaɗai ne suka kashe shi ba, har da 'yan jam'iyyarta masu wakiltar Long Island da Westchester da ke bayan garin New York, waɗanda ba su manta cewa 'yan Republican sun lashe dukkan kujeru huɗu na Long Island a majalisar wakilai ta tarayya a zaɓen 2022 ba. A jihar Massachusetts, dokar 2021 ta wajabta wa garuruwa 177 da ke cin moriyar sufurin yankin Boston su ware aƙalla yanki ɗaya da za a iya gina gidaje masu ɗaukar iyalai da yawa. Garin Milton, wanda ya ba Biden gagarumin rinjaye a 2020, ya kaɗa ƙuri'ar raba gardama a watan Fabrairun 2024 ya ƙi tsarin da aka shirya masa. Lokacin da Trump ya soke wata ƙa'idar gidaje ta zamanin Obama a watan Yulin 2020, yana gaya wa mazauna bayan gari cewa ba za a ƙara damun su da gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi a unguwanninsu ba, da yawa daga cikinsu sun ji kunyar lafazin, suka ƙi zaɓensa. Lafazin suka ƙi. Manufar kuwa su da kansu suke aiwatar da ita a majalisun garuruwansu, da kalmomi masu taushi irin su cunkoson motoci da ƙarancin wurin ajiye su da kiyaye kamannin unguwa.

Wannan hali ba na Amurkawa kaɗai ba ne. A ranar 20 ga Yulin 2023 aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Uxbridge da ke gefen Landan, kujerar da Boris Johnson ya bari. A wannan rana jam'iyyar Labour ta kifar da ratar ƙuri'u kusan 20,000 a mazaɓar Selby da ke arewacin Ingila, amma ta kasa cin Uxbridge, inda 'yan Conservative suka sha da ƙyar da ƙuri'u 495, saboda magajin garin Landan Sadiq Khan yana shirin faɗaɗa harajin fam 12.50 a rana kan tsofaffin motoci masu gurɓata iska zuwa unguwannin gefen birni. A Toronto, unguwannin Etobicoke da Scarborough da North York, waɗanda aka haɗe da tsohon birnin a 1998, su ne suka ɗora Rob Ford a kan kujerar magajin gari a 2010, kuma cikin ayyukansa na farko har da soke harajin rajistar mota na dala 60. Yawancin waɗannan unguwanni cike suke da baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe, abin da ya kamata ya sa masu ɗaukar cewa launin fata ne kaɗai ke bayyana komai su sake tunani. A Faransa ma, boren masu riguna ruwan ɗorawa da ya ɓarke ranar 17 ga Nuwamban 2018 ƙarin harajin man fetur ne ya kunna shi, kuma ƙarfinsa yana can wajen garuruwa inda ba a zuwa ko'ina sai da mota.

Faransa ce kuma take ba da hujjar da ta fi ƙarfi cewa nisa daga tsakiyar birni ba shi ne yake tsara ƙuri'a ba. Unguwannin arewa maso gabashin Paris, na ma'aikata da 'yan haya a gidajen gwamnati, sun shafe shekaru da dama suna zaɓar 'yan gurguzu, kuma a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa na 2022 Jean-Luc Mélenchon, ɗan takarar masu ra'ayin gurguzu, ya sami kusan rabin ƙuri'un wannan yanki na Seine-Saint-Denis. 'Yan kilomitoci kaɗan daga nan akwai Neuilly, gari na masu wadata, inda Nicolas Sarkozy ya yi magajin gari daga 1983 zuwa 2002. Dokar 2000 ta wajabta wa irin waɗannan garuruwa su sa kashi 20 cikin 100 na gidajensu su zama masu rahusa, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2013, amma Neuilly ba ta kai ko rabin abin da aka nema ba, kuma garuruwa masu wadata da yawa sun gwammace su biya tara da su gina. Dukkansu bayan gari suke. Abin da ya raba su shi ne wanda ya mallaki rufin da ke kansa da wanda yake haya.

Ba na cikin masu yi wa mazaunin bayan gari kallon mugu, kuma ina ganin masu yi masa wannan kallo su ne suke taimaka wa abokan hamayyarsu cin zaɓe. Mutumin da ya ɗauki bashin shekara talatin, wanda aka gina masa unguwa ba tare da kasuwa ko asibiti ko tashar bas da ƙafa za ta kai shi ba, idan aka wayi gari aka ce masa motarsa laifi ce, yana da haƙƙin jin cewa an yaudare shi. Ba shi ya zana taswirar ba. Tsoron da yake yi wa darajar gidansa ma ba wauta ba ce, domin ita ce fanshonsa kuma ita ce gadon 'ya'yansa. Abin da nake ƙi shi ne tsarin da ya mayar da wannan tsoro, wanda yake da uzuri a wurin mutum ɗaya, ya zama ikon hana kowa shigowa idan aka tara shi a majalisar gari.

Yadda ake samun wannan iko ya cancanci a tsaya a kansa. Zaɓen majalisun ƙananan garuruwa da na hukumomin makarantu a Amurka sau da yawa ba a yin su rana ɗaya da babban zaɓe, sai a ajiye su a wani wata da hankalin kowa yake wani wuri, kuma waɗanda suke fitowa tsiraru ne ƙwarai. Bayan zaɓen kuma akwai zaman sauraron ra'ayin jama'a, wanda ake yi da daddare a ranar aiki, lokacin da mai aikin dare yake bakin aiki, mai ƙananan yara kuma yake gida. Katherine Einstein da David Glick da Maxwell Palmer na Jami'ar Boston sun bi diddigin bayanan irin waɗannan zama a garuruwa 97 na yankin Boston, suka gano cewa masu magana sun fi sauran masu zaɓe yawan shekaru, sun fi su mallakar gida, maza sun fi yawa a cikinsu, kuma kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai suka goyi bayan gina sababbin gidaje. Wanda zai amfana da gidan da ake gardama a kansa ba ya ɗakin, kuma ba zai taɓa kasancewa a ɗakin ba, domin bai riga ya zama ɗan garin ba. Malamar makarantar da ke koyar da 'ya'yan unguwar, da ma'aikaciyar jinyar da ke kula da tsofaffinta, da ma 'ya'yan masu gidajen da suka girma suka kasa sayen gida inda aka haife su, duk ba su da ƙuri'a a wurin. Ana kiran wannan dimokuraɗiyya mafi kusa da jama'a, alhali tambaya ake yi wa na cikin gida ko za a buɗe wa na waje.

Saboda haka ra'ayina shi ne a raba abubuwa biyu da aka daɗe da cakuɗawa. Gyaran titi da kwashe shara da kula da wuraren shaƙatawa, a bar wa majalisar gari, ita ta fi sanin su. Amma yawan gidajen da yanki zai ɗauka da hanyoyin sufurin da za su haɗa shi da birni, waɗannan sun shafi duk wanda yake aiki a yankin, don haka a yanke su a matakin jiha ko na ƙasa, inda ɗan haya da mai gida kowa yake da ƙuri'a ɗaya. Japan ta daɗe tana haka, domin rukunan amfani da filaye doka ce ta ƙasa ta tsara su, kuma maƙwabci ba shi da ikon tsayar da ginin da ya cika ƙa'ida, abin da ya taimaka wa Tokyo ta ci gaba da gina gidaje da yawa. Jihar Oregon ta bi wani ɓangare na wannan hanya a 2019 da ta halatta gina gida mai ɗaukar iyali biyu a filayen da a da aka keɓe wa iyali ɗaya a garuruwan da suka haura mutum 10,000. Sannan a haɗa ƙananan zaɓuɓɓuka da manya a rana ɗaya, kamar yadda Kalifoniya ta wajabta a dokar 2015 ga garuruwan da fitowar masu zaɓensu ta yi ƙasa sosai.

Na san abin da za a ce, kuma ba magana ce ta banza ba: gwamnatocin da suka yi wa unguwanni hukunci daga nesa su ne suka ratsa unguwannin talakawa da manyan tituna a shekarun 1950 da 1960, suka tashi dubban iyalai ba tare da tambayarsu ba, kuma daga wannan ɓarna ce aka koyi ba mazauna wuri ikon cewa a'a. Sai dai a dubi wanda ya ci gajiyar wannan iko daga baya. Unguwannin da aka rusa ba su ne suke da lauyoyi da lokacin halartar zaman dare ba. Akwai kuma bambanci tsakanin hukumar da za ta rushe gidan mutum da dokar da ta ce maƙwabcinsa yana da izinin gina bene mai hawa uku a kan filin kansa.

Haɗarin da ya fi wannan girma na siyasa ne, kuma shi ya sa ba na sa ran gyaran zai zo da wuri. Jam'iyyun da suka fi magana kan tsadar gidaje da gurɓatar yanayi su ne yanzu suke dogaro da ƙuri'un unguwannin bayan gari masu wadata, kuma duk sa'ad da suka matsa, sai wakilansu na waɗannan mazaɓu su ja da baya, kamar yadda Hochul ta gani. Ba kullum ba ne tsoron yake tabbata. Sadiq Khan ya aiwatar da harajinsa a ƙarshen watan Agustan 2023, ya sake cin zaɓe a watan Mayun 2024, kuma Labour ta karɓe Uxbridge bayan wata biyu. A Massachusetts ma, babbar lauyar jihar Andrea Campbell ta kai Milton ƙara, kuma a watan Janairun 2025 kotun ƙolin jihar ta tabbatar da cewa dokar tana kan ƙa'ida kuma wajibi ce a kan garuruwa, ko da yake ta umarci gwamnati ta sake fitar da ƙa'idojin aiwatarwa ta hanyar da ta dace.